Bin Sawun Jiragen Yaƙin Cikin Littafi: Abin da Masu Karatu Ke Nema da Abin da Suke Tararwa

A tsibirin Minorka da ke cikin Bahar Rum, ƙarƙashin ƙasar Sifaniya, akwai wani gari mai suna Mahon, wanda tashar jiragen ruwansa ta kutsa cikin tudu wajen kilomita 5. Mafi yawan baƙin da ke sauka tsibirin, hantsi da rairayin bakin teku ne ke kawo su. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da kan zo da littafi a hannu, suna cigiyar tsohon gidan gwamna. Dalilinsu shi ne, a cikin wani ƙagaggen labari da marubuci Patrick O'Brian ya fitar a 1969, a ɗakin kiɗa na wannan gida ne wani laftanan sojan ruwan Ingila mai suna Jack Aubrey ya fara haɗuwa da likita Stephen Maturin, a watan Afrilun 1800, har suka kusa ba hammata iska kafin su zama aminai. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan biyu da aka taɓa haifa. Ginin kuwa na gaske ne, haka tashar, haka ɗan tsibirin Isla del Rey da ke tsakiyar ruwa, inda Turawan Ingila suka gina asibitin sojan ruwa a 1711. Wannan cuɗanya ta mutanen ƙirƙira da wurare na zahiri ita ta haifi wani nau'in yawon buɗe ido da nake ganin ya cancanci a dube shi da idon basira, domin akwai alheri mai yawa a cikinsa, akwai kuma giɓi babba.

Labaran da ake magana a kansu na zamanin jiragen filafilai ne, waɗanda iska ke turawa tun kafin zuwan inji, kuma sun fi karkata ga shekarun 1793 zuwa 1815, lokacin da Birtaniya ke gwabzawa da Faransa ta juyin juya hali, daga baya kuma ta Napoleon. Wanda ya share fagen shi ne Kyaftin Frederick Marryat, wanda ya shiga aikin jirgin yaƙi yana yaro a 1806, ya ga yaƙin da idonsa, sannan ya zauna ya rubuta labarai a shekarun 1830. Bayan ƙarni guda, C. S. Forester ya ƙirƙiro Horatio Hornblower a 1937. O'Brian ya biyo baya da littattafai 20 cikakku, ajali ya cim masa a Janairun 2000 yana tsakiyar na 21. Dukkansu ukun, ko kaɗan ko da yawa, sun ci moriyar rayuwar mutum ɗaya, wato Thomas Cochrane, wani kyaftin ɗan Sikotland mai tsananin tsaurin ido, wanda a ƙarƙashinsa ma Marryat ya fara aiki. Ran 6 ga Mayun 1801, Cochrane yana riƙe da ɗan ƙaramin jirgi mai suna Speedy, igwa 14 da mutum 54, ya far wa jirgin Sifaniya El Gamo mai igwa 32 da mutum 319 a kusa da Barcelona, ya kama shi. O'Brian ya ɗauki wannan artabu kusan yadda ya faru, ya sauya sunayen jiragen, ya danƙa wa gwarzonsa.

A nan ne sirrin tafiyar yake. Marubutan nan ba daga ka suka zaro duniyarsu ba. Rundunar sojan ruwan Birtaniya hukuma ce mai son rubutu: kowane jirgi yana da kundin da ake shigar da iska da nisa da hukuncin bulala kullum, yana da rajistar ma'aikata, kyaftin kuma yana aika wa hedikwata rahoton kowane faɗa. Takardun suna nan jibge a ma'ajiyar ƙasa da ke Kew da kuma gidan tarihin teku na Greenwich, duka a Landan. Saboda haka idan littafi ya ce jirgi ya fita daga Mahon ya bi gaɓar Katalan, taswira za ta gaskata shi. Mai karatu yana da tabbacin cewa in ya je zai sami wani abu.

Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Littattafan cike suke da sunayen igiyoyi da filafilai da sassan jirgi waɗanda ko Baturen Ingila na yau bai san su ba. Mutum yakan karanta shafi ɗari yana jin daɗi, amma a ransa bai san ainihin yadda mutum 200 ke rayuwa wata shida cikin akwatin katako mai yawo a kan ruwa ba. Gani ya kori ji. Wannan ƙishirwa ce ke kai mutane Portsmouth, tashar sojan ruwa da ke kudancin Ingila.

Jirgin Victory yana can cikin busasshen gurbi tun 1922. An soma gina shi a tashar Chatham ta Ingila a 1759, aka sa shi a ruwa a 1765, bayan an sare itatuwa wajen 6,000, galibinsu na oak. Shi ne jirgin da Admiral Nelson ya hau ran 21 ga Oktoban 1805, lokacin da jiragen Birtaniya 27 suka kara da na Faransa da Sifaniya 33 a gefen tsinin Trafalgar da ke kudancin Sifaniya. A ranar yana ɗauke da igwa 104 da mutum kimanin 820, kuma 57 daga cikinsu ba su ga faɗuwar rana ba. Waɗannan alƙaluma kowa zai iya karanta su a gida. Abin da ba a samu sai an je shi ne abin da jiki ke koya. Da ka gangara benen ƙasa, dole ka sunkuyar da kai don kada ka yi karo da katakon rufi. Manyan igwa na jere, kowace ta doshi tan 3, kuma a tsakaninsu ne ma'aikata ke cin abinci, a samansu suke rataye shimfiɗunsu na zane mai kauri da dare. Rabon kowane mutum inci 14 ne a faɗi, wato kusan rabin faɗin 'yar tabarmar salla, sai dai da yake rabin jama'a na bakin aiki yayin da rabi ke barci, wurin yakan ɗan saki. Can ƙasa da layin ruwa kuma, inda hasken rana ba ya kaiwa, nan likita ke yanke ƙafa da hannu da hasken fitila, babu allurar kashe zafi. Nan aka sauko da Nelson bayan harsashi ya shige shi ta kafaɗar hagu, nan ya cika bayan wajen awa uku. Rigar da ke jikinsa tana Greenwich, da hudar harsashin a kafaɗa.

Mutumin da ya sunkuya a wannan duhu ba zai ƙara karanta labarin faɗan teku kamar da ba. Zai gane dalilin da ya sa marubutan suka cika maganar tsafta da wanke daɓe da shanya shimfiɗa, abin da a da yake tsallakewa don ya kai wurin harbi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa cikin ma'aikatan rundunar da suka mutu a waɗancan shekaru na yaƙi, kusan 8 cikin 10 cuta da haɗari ne suka kashe su, waɗanda makamin abokan gaba ya kashe ba su kai 1 cikin 10 ba. Zazzaɓin shawara a yankin Karibiyan ya fi igwar Faransa ɓarna. Ciwon nan mai ruɓar da dasashi saboda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace bai fara lafawa ba sai da aka soma raba ruwan lemun tsami a kai a kai daga 1795. Zai kuma gane fushin da ya kai ma'aikata ga bore a Spithead, mashigar da ke gaban Portsmouth ɗin nan, a 1797: albashin ƙwararren ma'aikacin jirgi, sule 24 a wata, bai motsa ba tun 1653. A wannan tasha ce kuma aka harbe Admiral John Byng a 1757 bisa laifin bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba wajen ceton Minorka. Duk hafsan da ke cikin littattafan nan da inuwar wannan hukunci yake yawo.

Sai dai akwai tambayar da maziyarci mai gaskiya ba zai kauce mata ba: katakon da yake shafawa, shi ne wanda ya je Trafalgar? Galibi ba shi ba ne. Jirgin katako tun ranar da aka gama shi yake ruɓewa, ana cire wannan ana sa wancan. Victory ya sha manyan gyare-gyare tun kafin 1805, ya sha bayanta, bam ɗin Jamus ya taɓa shi a 1941, ƙwaro mai cin katako ya yi shekaru yana rarake shi. Ɗan abin da ya rage na asali ya fi yawa a can ƙasa. Da aka lura jikinsa na lotsawa saboda nauyin kansa, an cire tsofaffin matokarai aka sa sababbi 134 na ƙarfe masu auna nauyi, kuma tun 2022 ake wani gagarumin aikin sauya allunan jikinsa. Hatta launinsa an sauya a 2015, bayan da masu bincike suka bi sahun tsofaffin fenti suka gano cewa rawayar da aka saba gani ba ita ce ta zamanin Nelson ba, ta ainihi ta fi haske, har tana ɗan karkata ga ja-ja. Mutane da yawa sun ji haushi, domin launin da suka sani a bangon littattafai da zane-zane ya fi musu daɗi. A ganina masu gyaran sun yi daidai. Gidan tarihi ba aikinsa ba ne ya tabbatar wa baƙo mafarkinsa, kuma marubutan da suka ɓata shekaru suna tonon kundaye don kada su yi kuskuren sunan igiya ɗaya, da sun goyi bayan launin gaskiya.

Wannan aiki kuɗi yake ci na fitar hankali, kuma nan ne maziyarta ke da rana. Akwai misalin da ke nuna abin da kan faru in kuɗin ya yanke. Jirgin Implacable, wanda asalinsa na Faransa ne mai suna Duguay-Trouin, ya yi faɗan Trafalgar, Ingila ta kama shi bayan mako biyu, ya rayu har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Disambar 1949, da aka rasa mai ɗaukar nauyin gyaransa, aka ja shi zuwa teku aka nutsar da shi da nakiya. An ciro adon gabansa da na bayansa, suna Greenwich. Shi kansa Victory, gidauniyar jama'a da aka kafa a 1922 ce ta cece shi. Saboda haka ba na raina mutumin da ya sayi tikiti don son wani kyaftin na ƙirƙira. Kuɗinsa na biyan kafintoci na gaske.

A ɗaya gefen Tekun Atlantika lamarin ya ɗauki wani salo. A gidan tarihin jiragen ruwa na San Diego, a jihar Kalifoniya, akwai jirgi mai suna Surprise, sunan jirgin da Aubrey ya fi ƙauna. An gina shi ne a 1970 a Lunenburg ta ƙasar Kanada, a matsayin kwaikwayon wani jirgin daban mai suna Rose, aka yi masa kwaskwarima don fim ɗin da Peter Weir ya shirya a 2003 daga littattafan O'Brian, daga baya aka bar masa sunan fim. Bai taɓa jin ƙarar yaƙi ba, amma masu karatu na tururuwa gare shi, don shi ne siffar da idonsu ya saba da ita. Na gaskiyar yana Boston: Constitution, wanda aka sa a ruwa a 1797, har yau yana kan ruwa, har yau yana cikin rajistar rundunar Amurka. Shi ya ragargaza jirgin Ingila mai suna Java a gaɓar Barazil a Disambar 1812, kuma O'Brian ya sa gwarzonsa cikin waɗanda aka ci a wannan faɗa. A littafin da fim ɗin ya fi dogara da shi, abokin gabar da ake bi jirgin Amurka ne. Fim ɗin ya mayar da shi na Faransa, ya kuma ja labarin baya zuwa 1805. Wanda ya fara da fim sannan ya hau jirgin San Diego, tarihi ya iso gare shi ne bayan ya ratsa hannu uku.

Inda akwai baƙi masu ƙishirwar labari, ba a rasa masu sayar musu da shi. A gefen tashar Mahon akwai wani jan gida a kan tudu da ake cewa Nelson ya sauka a ciki tare da masoyiyarsa Emma Hamilton, alhali ziyararsa tsibirin a 1799 ta 'yan kwanaki ce, kuma ba ta tare da shi. A Jibralta akwai maƙabartar da ake kira ta Trafalgar, amma mutum biyu kacal daga cikin waɗanda raunin wannan faɗa ya kashe ke kwance a ciki, galibin mamatan faɗan a teku aka jefa su, yawancin kaburburan kuwa na waɗanda annobar zazzaɓi da wasu yaƙe-yaƙe suka ɗauke ne. Hatta marubucin bai tsira ba. Masu zuwa kabarin O'Brian a Collioure, ƙaramin garin masunta na kudancin Faransa inda ya zauna tun 1949, sun daɗe suna ɗaukarsa ɗan Ayaland, sai a 1998 'yan jarida suka bayyana cewa a Ingila aka haife shi a 1914 da sunan Richard Patrick Russ, ya sauya suna a 1945.

Duk waɗannan ƙananan matsaloli ne. Babbar ita ce: littafin yaƙin teku daga kan dandalin hafsoshi yake kallon duniya. Kyaftin ne ke da suna da tarihi da damuwar zuci. O'Brian ya fi sauran ƙoƙarin ba ƙananan ma'aikata murya, amma ko shi ba kasafai yake sauka tudu ya tambayi wa ya murɗa igiyar nan ba. A nan ne tafiya ke iya ba mai karatu abin da littafi ya hana shi, in ya yarda ya karkata daga hanya. A Chatham, tashar da aka rufe a 1984, akwai gidan murɗa igiya mai tsawon sama da mita 300, har yau ana aiki a ciki, kuma jirgi irin Victory yana cin igiya ta mil sama da 20. A Portsmouth akwai ginin da Marc Brunel ya kafa injinan sassaƙa gargaren katakon da igiyoyi ke bi ta kansu, a farkon shekarun 1800, inda mutum 10 suka riƙa yin aikin mutum 110. A Hartlepool akwai Trincomalee, jirgin yaƙin Birtaniya mafi tsufa da ke kan ruwa, kuma ba a Ingila aka gina shi ba: a Bombay ta Indiya ne, a 1817, da itacen tik, a hannun Jamsetjee Bomanjee Wadia, daga zuriyar maginan jirgi da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Rajistar Victory ta 1805 na ɗauke da Amurkawa da mutanen Malta da Indiya da Karibiyan da Afirka, har da Faransawa. A gindin hasumiyar Nelson da ke tsakiyar Landan, cikin zanen tagulla na mutuwarsa, akwai baƙar fata riƙe da bindiga. Dubban mutane na wucewa ta gabansa kullum.

A tsibirin Antigua kuwa maganar ta fi nauyi. Tashar English Harbour, wadda ake kira da sunan Nelson saboda ya yi aiki a yankin daga 1784 zuwa 1787, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Gine-ginenta na dutse da bulo suna da kyau, jiragen shaƙatawa na attajirai sun cika ta. Bayi 'yan Afirka ne suka gina ta, su suka riƙa gyaran jiragen, kuma dalilin kafa ta tun farko shi ne tsaron gonakin rake da bayi ke nomawa. Haka ma katakon da ya sa harsashi ke dawowa daga jikin Constitution, a tsibirin St. Simons na jihar Jojiya aka saro shi, da gumin bayi. Rundunar da littattafan nan ke yabon jaruntakarta ta yi shekaru tana gadin hanyoyin da jiragen Birtaniya suka bi suka kwashi 'yan Afirka sama da miliyan 3 kafin 1807. Mai karatun da ya je Antigua ya dawo da hotunan igwa kawai, ya yi asarar kuɗin jirginsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, taswirar wannan yawo ta tsaya ne a Turai da Amurka da Karibiyan, alhali wani babban babi na tarihin rundunar a gaɓar Afirka ta Yamma ya gudana. Bayan dokar haramta cinikin bayi ta 1807, Birtaniya ta girke jirage a wannan gaɓa daga 1808, da cibiya a Freetown ta Saliyo. Zuwa wajen 1860 sun kama jiragen bayi kimanin 1,600, sun sauke mutum kimanin 150,000. O'Brian ya taɓa wannan fage a ɗaya daga cikin littattafansa na ƙarshe-ƙarshe, inda ya kai Aubrey Freetown da gaɓar Ouidah, amma ratse ne kawai. Tarihin na gaske yana da duk abin da marubuci ke buƙata. Akwai Black Joke, jirgin bayi mai gudun tsiya da aka kama a 1827 aka juya shi ya koma farautar 'yan uwansa, har aka ƙone shi a 1832 da ya tsufa. Akwai matuƙa 'yan ƙabilar Kru na gaɓar Laberiya, waɗanda su ke tuƙa kwale-kwale cikin igiyar ruwa da bakin koguna inda zazzaɓi ke kayar da Turawa. Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji: dokar ta yanka wa masu kamu lada na fam 40 a kan namiji, 30 a kan mace, 10 a kan yaro, kuma da yawa daga waɗanda aka sauke an tura su aikin soja ko aikin ƙarfi na shekaru ba tare da an nemi yardarsu ba. A tsibirin St. Helena, inda aka sauke sama da mutum 25,000 daga 1840, dubbai sun mutu a kwarin Rupert. Masu tono sun fito da ƙasusuwan mutum 325 a 2008 lokacin aikin hanyar filin jirgin sama, ba a sake binne su ba sai a 2022. Maziyarta tsibirin galibi gidan da Napoleon ya mutu suke nufa.

Wannan babi ya shafe mu kai tsaye. Cikin waɗanda aka sauke a Freetown akwai Hausawa da Barebari da Nufawa da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake har zuwa bakin teku. Ali Eisami, ɗan wani malami na Barno, an bi da shi ta ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa, aka loda shi a jirgi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, ya sauka Freetown a 1818. Daga bakinsa Sigismund Koelle ya koyi Barbarci, kuma kundin harsunan da Koelle ya wallafa a 1854 yana ɗauke da Hausar Kano da ta Katsina, waɗanda aka ji daga bakin 'yantattun bayi a can. Rundunar nan dai ita ce ta yi wa Legas ruwan wuta a Disambar 1851, ta tumɓuke Oba Kosoko ta ɗora Akitoye, bayan shekara 10 aka haɗiye garin. William Baikie, likitan sojan ruwa mai sha'awar tsirrai da harsuna, wanda ya fi kowa kama da Maturin na cikin littafi, ya hau Kwara da Binuwai a 1854 yana ba mutanensa kwinin, bai rasa ko ɗaya ba. Daga baya ya zauna a Lokoja, ya kai ziyara Kano a 1862. Abokin tafiyarsa ta biyu, Laftanar John Glover, wanda jirginsu Dayspring ya farfashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857, shi ya tara Hausawa a Legas a 1863 ya kafa 'yar rundunar da sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Hannun da ya kwance sarƙa shi ya buɗe wa mulkin mallaka ƙofa, kuma duk mai son labarin nan da gaske dole ya riƙe gaskiyar biyu tare.

Me ya sa baƙi ba sa bin wannan hanya kamar yadda suke bin ta Mahon? Ana iya kawo tsadar tafiya da ƙarancin masauki da rashin jirgi ko ɗaya da ya rage a gani. Amma Mahon ma ba ta da jirgi. Abin da take da shi shi ne shafin farko na littafin da miliyoyi suka karanta. Irin wannan baƙo labari yake bi, ba gini ba. Ƙofar King's Yard tana tsaye a Freetown, inda ake shigar da waɗanda aka sauko daga jiragen bayi, amma babu wani gwarzon littafi da ya ratsa ta wanda mai karatu a Boston ko Kano ya kwana yana tunaninsa. Kayan aikin rubuta wannan littafi suna nan. Magatakardan kotunan da ke yanke hukunci kan jiragen da aka kama sun rubuta sunan kowane mutum kamar yadda kunnensu ya ji, da shekarunsa, da tsawonsa, sau da yawa har da bayanin zanen fuskarsa. An tattara sama da sunaye 91,000 daga rajistocin Freetown da Havana da wasu wurare an sa a intanet, a shafin SlaveVoyages, kowane suna tare da jirgin da aka same shi a ciki da tashar da aka loda shi. Akwai sunayen Musulmi a cikinsu, an rubuta su a karkace da harufan Turawa, kuma kunnen Bahaushe ko Babarbare zai gane wasu da masanin Landan zai wuce bai lura ba.